Yadda ake noman tumatir na kasuwa a gidan gilashi lokacin hunturu

Ranar da na gaya wa kawuna, wanda ya tsufa yana noman rani a Kadawa, cewa a Holan gas ake ƙonawa dare da rana don a samu tumatir a watan Disamba, sai ya yi jim, ya ce, "Ɗana, ai hunturu shi ne lokacin tumatir. Me kuma za a dumama?" Gaskiyarsa. A wajenmu hunturu gata ne ga tumatir: rana tana nan fiye da awa 11, dare da ɗan sanyi, kwari sun lafa. Damina ce ke ba mu wahala. Hunturun Arewacin Turai kuwa wata duniya ce. A yankin Westland, kusa da birnin Hague, yinin Disamba ba ya cika awa 8, shi ma a lulluɓe da gajimare, da dare kuma ruwa kan daskare. A can na yi aiki a gidan gilashi, kuma tsarin can zan shimfiɗa a nan.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Zafi kana iya kunna shi, ruwa da taki suna hannunka, amma haske shi ne abin da ya yi ƙaranci, kuma da shi ganye ke dafa wa shuka abinci. Manoman Holan suna da ƙa'ida: ka rasa kashi 1 cikin 100 na haske, ka rasa kashi 1 cikin 100 na amfani. Duk matakin da ke tafe, da awon haske ake yanke shi.

Mataki na farko: da fitila ko babu?

Hanya biyu ce. Idan ba ka da fitilu, za ka zuba iri a Nuwamba, ka yi dashe a Disamba, ka raini shukar cikin duhun hunturu, ka fara tsinka a Maris, ka ci gaba har Nuwamba. Wannan noman yakan ba da kilo 60 zuwa 70 a kowane murabba'in mita a shekara. Idan kuwa tumatir kake so a kasuwa a tsakiyar hunturu, lokacin da ya fi tsada, sai ka zuba iri a Agusta, ka dasa a ƙarshen Satumba ko Oktoba, ka fara tsinka wajen Disamba, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da fitila.

Kada ka zaɓa sai ka zauna da takarda da biro. Makamashi da ladan ma'aikata su ne ke cinye mafi yawan kuɗi. Ko babu fitila, dumama kaɗai kan ci gas mita kubik 30 ko fiye a kowane murabba'in mita a shekara. Da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, manoma da yawa a Holan da Birtaniya sun kashe fitilunsu ko sun jinkirta dashe. Aka kuma yi rashin sa'a sanyi ya taɓa gonakin Sifaniya da Maroko, har a Fabrairun 2023 manyan kantunan Birtaniya irin su Tesco da Asda suka ƙayyade yawan tumatirin da mutum ɗaya zai saya. Tumatirin Almeriya ta Sifaniya da Agadir ta Maroko, wanda rana ke nuna shi kyauta a ƙarƙashin leda, shi ne abokin gasarka. Don haka ka samu mai saye da farashi a rubuce kafin ka sa iri a ƙasa.

Mataki na biyu: shirya gidan

Yawancin gidajen irin ginin Venlo ne, sunan wani gari a Holan: rufin gilashi mai ƙananan tozaye a jere, da tagogi a sama. Ka wanke gilashin ciki da waje. Ƙura da gansakuka da ba ka ɗauka a bakin komai ba, haskenka suke sha. Ka shimfiɗa farar leda a ƙasa, ta rufe ƙasar, ta kuma mayar wa ganye hasken da ya faɗo.

Ka gwada bututan ruwan zafi. A tsakanin kowane layi biyu akwai bututu biyu a kwance, masu kaurin milimita 51, su ne ke dumama gidan, su ne kuma dogon da keken ma'aikata ke bi. Ka ja labulen sama ka ga ko ya yage, domin shi ke tare zafi da dare. Sai tafkin ruwan sama: ruwan da ya zubo daga rufi ake tarawa a yi ban ruwa da shi, saboda ba shi da gishiri.

Mataki na uku: iri, reno da aure

Irin da ake nomawa shi ne mai hawa, wanda ba ya daina tsawo. Cikin masu nono, wato waɗanda ake sayarwa da gungunsu a jikin reshe, Merlice ya daɗe yana tashe. Cikin ƙanana masu zaƙi akwai Piccolo. Yanzu tambayar farko da za ka yi wa mai iri ita ce ko yana jure wa cutar nan mai ɓata fatar tumatir da tabo ruwan ƙasa, ToBRFV, wadda ta ɓulla a Isra'ila da Jodan a 2014 da 2015, ta iso Holan a 2019.

Iri yana tsira cikin kwana 4 zuwa 6 a zafin digiri 25. Bayan mako biyu zuwa uku sai a yi masa aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro. A yanke kan irin da kake so a karkace, a ɗora shi a kan gindin wani iri mai ƙarfin saiwa, irin su Maxifort, a maƙale da ɗan roba, a ajiye su a wuri mai laima sosai kusan mako guda har su haɗe. Daga nan a tsinke kan, shukar ta fito da kai biyu daga gindi ɗaya. Yawancin manoma ba sa wannan da kansu, wurin masu reno suke saya. Ina ba ka shawarar ka yi haka a shekarar farko, amma ka je da ƙafarka ka ga shukar kafin a loda ta a mota. Ka ɗaga guda ka duba ƙasanta: saiwa fara tas kake nema.

Mataki na huɗu: katifa da dashe

Ba a ƙasa ake shuka ba. Ana jera wasu 'yan katifu masu tsawon mita ɗaya, na audugar dutse (wani abu kamar auduga da ake yi da narkakken dutse) ko na zaren kwakwa, a cikin farar leda, a kan kwatami. Ka cika su taf da ruwan taki, ka bar su kwana ɗaya ko biyu su jiƙa, sannan ka tsaga ledar ta ƙasa don rarar ruwa ta samu mafita. Wurin da bai jiƙa ba tun farko, da wuya ya sake jiƙa.

Kai biyu da rabi a kowane murabba'in mita ya isa a hunturu. Za ka ga fili a tsakaninsu, zuciyarka ta ce a ƙara. Kada ka ƙara. Idan yini ya fara tsawo a Fabrairu da Maris, sai ka bar wa wasu shukokin toho ɗaya ya zama ƙarin kai, har a kai uku da rabi ko kusa da haka.

Akwai wata dabara da ta ba ni mamaki da farko. Idan shukar ta iso, ba a ɗora ta a kan ramin katifar nan take. A gefen ramin ake ajiye ta, a kan leda, ana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, sai nono na farko, wato gungun furen farko, ya yi huda sannan a matsar da ita. Dalili kuwa, matashiyar shukar da ta samu ruwa da fili yadda take so, ganye kawai za ta yi ta zubawa, ta manta da fure. Ɗan takurin nan shi ke juya hankalinta ga 'ya'ya.

Mataki na biyar: zafi da laima

A nan ake gane manomi. Da rana digiri 20 zuwa 22, da dare 16 zuwa 18. Amma abin da shuka ta fi ji shi ne matsakaicin zafin awa 24, kuma dole ya bi hasken ranar. Ranar da gari ya yi duhu, ka sauke shi zuwa 17 ko 18. Ranar da rana ta leƙo, ka bari ya ɗan hau. Zafi yana sa shuka ta yi saurin ƙona abincin da ta tara. Idan ka dumama gida sosai a ranar da ganye bai dafa komai ba, kamar ka sa mai azumi gudu ne: kan zai sirance, fure ya zube. Idan kuma dare ya yi ƙasa da digiri 13, garin fure ba ya yin kyau.

Laima ta tsaya tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100. A hunturu gida a rufe yake ruf, labule a ja, shukoki dubbai suna ta fitar da tururi. Da ta haura 85 zuwa 90, funfuna ta samu gida. Maganinta shi ne ka buɗe labule ɗan siriri, ka ɗaga tagar da ba ta fuskantar iska kaɗan, ka bar bututu da ɗumi. Za ka ji zafin ganin kuɗinka yana fita ta taga. Ka daure, asarar funfuna ta fi wannan.

Asuba ita ce lokaci mafi haɗari. 'Ya'yan tumatir suna kwana da sanyi a jikinsu, kuma sun fi iska jinkirin ɗaukar ɗumi. Idan ka tayar da zafi farat ɗaya, raɓa za ta kwanta a kansu kamar yadda take kwanciya a jikin kwalbar da aka ciro daga firji. Ka fara tun kafin ketowar alfijir, digiri ɗaya a kowace awa. Haka labule: a hankali ake zuge shi, don kada sanyin da ya taru a samansa ya rikito a kan shuka.

Mataki na shida: fitila da iskar kabon

Da, fitilun sodiyam masu hasken ruwan lemo ake amfani da su, shi ya sa sararin Westland kan yi ja da dare. Yanzu fitilar LED ta karɓe wuri saboda ba ta shan wuta sosai, sai dai ba ta ba da zafi sosai, don haka bututu zai ƙara aiki. Ana kunnawa daga tsakar dare har zuwa yamma. Kada hasken ya wuce awa 18 a yini. Tumatir yana bukatar duhun awa 6, in ba haka ba ganyensa ya yi ɗorawa-ɗorawa ya lalace. Doka kuma ta tilasta jan labulen da ke hana hasken damun maƙwabta.

Iskar kabon, wadda ganye ke shaƙa ya dafa abinci da ita, kusan 420 ce cikin miliyan a iskar waje. A rufaffen gida ganye kan shanye ta ta yi ƙasa da haka, don haka ana ƙara ta zuwa 800 ko 1000, amma sai lokacin da akwai haske. A duhu ɓarna ce kawai. Gidaje da yawa suna da injin gas mai ba da abu uku a lokaci guda: wutar fitila, ruwan zafi da ake tarawa a babban tanki don dare, da hayaƙin da ake tacewa a shigar wa shuka. Wasu kuma ta bututun kamfanin OCAP suke samun iskar, daga matatar mai ta Shell da ke Pernis, gefen Rotadam.

Mataki na bakwai: ruwa da taki

Ta ɗigo-ɗigo ake ba da su, a haɗe. Tanki biyu ake damawa: takin kalsiyam a ɗaya, mai fosfet da salfet a ɗayan. Kada ka taɓa haɗa su da kaurinsu a tanki guda, za su dunƙule su toshe maka bututu. Tsamin ruwan, wato pH, ya kasance 5.5 zuwa 6. Ƙarfin takin, wanda ake aunawa da EC, ya kasance wajen 3 zuwa 3.5 a bakin ɗigo, 4 zuwa 5 a cikin katifa. A hunturu da gangan ake ɗaga shi, don shuka ta yi ƙwari, tumatirin kuma ya yi ɗanɗano.

Kada ka ba da ruwa sai shukar ta farka ta fara sha, kamar awa biyu bayan haske ya fito, ka kuma tsaya awa biyu kafin duhu. Kashi 20 zuwa 30 na abin da ka bayar ya fito ta ƙasa, shi ke wanke gishirin da ya taru. Da dare katifa ta rage nauyi da kashi 8 zuwa 10, saiwa ta sha iska. Kowace safiya ka auna rarar da ta fito, ka rubuta. Idan ka ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, kalsiyam ne bai kai can ba, kuma galibi laifin ban ruwa ne ko laima, ba ƙarancin taki ba.

Mataki na takwas: aikin mako-mako

Kowane kai yana da igiyarsa, a naɗe a ƙugiya, a rataye a waya mai nisan mita uku da rabi zuwa huɗu daga ƙasa. Shuka tana ƙara santimita 20 zuwa 30 a mako, tana fitar da sabon nono kusan kowane mako, ganye uku tsakanin nono da nono. Don haka aiki ba ya yankewa. A naɗa kan a jikin igiya, kullum ta gefe guda. A cire tohon da ke fita a hammatar ganye tun yana ƙarami. A cire ganye biyu ko uku daga ƙasa. In kai ya kusa waya, a sassauta igiya a sauke shukar, a matsar da ƙugiyar gefe, karan ya kwanta a ƙasa. Kafin ƙarshen zango kara ɗaya kan haura mita 10.

Cire ganye da safe ake yi, da wuƙa mai kaifi, daf da kara, don ciwon ya bushe kafin dare. Wata rana aiki ya taru mana, muka yi shi da la'asar, muka bar guntaye. Bayan kwana goma na bi layin, sai ga wata toka-toka mai gashi ta zagaye kara a wuraren yankan, shuka mai nono bakwai ta yi yaushi daga sama har ƙasa. Mun cire fiye da ashirin a layin nan. Na daɗe ina jin ciwon wannan.

Sai rage 'ya'ya, wanda ya fi komai yi wa sabon shiga nauyi. Nono kan fito da fure takwas ko tara, kai kuma za ka bar biyar, a tsakiyar duhu ma huɗu. Ranar farko hannuna ya ƙi. Wani dattijo ɗan Kumasi da muke aiki tare ya lura, ya ce, "Ƙanena, zo ka ga." Ya kai ni wani layi da aka makara ba a rage ba, ya kama kan wata shuka tsakanin yatsunsa biyu. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, sabon furen kuma fari-fari, ba ƙwari. Ya ce, "Ka ga uwar da aka ɗora wa goyon da ya fi ƙarfinta. Waɗancan na ƙasa za su nuna, amma nan da wata biyu ba abin da za ka tsinka a nan."

Daga ranar na koyi karanta kan shuka, kuma kai ma sai ka koya. Ka ware shuka goma, ka sa musu alama, ka auna su rana ɗaya a kowane mako. Kaurin kara a tazarar santimita 20 zuwa 25 daga kai ya kasance kusan santimita ɗaya. Nonon da ke huda ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga kai. Idan kara ya yi kauri, ganyen sama ya nannaɗe, fure ya yi nisa da kai, shukar ta koma ganye: ka faɗaɗa tazarar zafin rana da na dare, ka rage yawan ban ruwa, ka cire ɗan ganye ɗaya a sama. Idan kara ya sirance, fure ya hau har kai, ta gaji: ka sauke zafi, ka rage mata 'ya'ya. Abin da ka gyara yau, sai bayan mako guda za ka ga alamarsa, don haka kada ka canza abu uku a lokaci ɗaya.

Mataki na tara: barbarar fure

A fili iska ke girgiza fure. A gidan gilashi babu iska, kuma zumar da muka sani ba ta kula furen tumatir, don ba shi da ruwan zaƙi. Da, mutane ke bin fure ɗaya bayan ɗaya da sanda mai karkarwa. A 1985 wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya gano cewa wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi, baƙi da ratsin rawaya, yana yin aikin. Yanzu kamfanoni irin su Biobest da Koppert a kwali suke sayar da amyarsu. Ƙwaron yana kama fure da baki ya girgiza shi, ya bar ɗan tabo ruwan ƙasa. Ka tsinko fure ashirin ka ƙirga masu tabo. In sun yi kaɗan, ka ƙara amya. Kowace amya takan yi mako 6 zuwa 8. A ƙarƙashin fitila suna ɓata hanya, saboda haka a tsakiyar hunturu ka buɗe musu ƙofa na 'yan awanni da tsakar rana kawai.

Mataki na goma: kwari da cuta

Tunda kana da zuma a gida, feshi barkatai ya haramta gare ka. Ƙwaro ake sa wa ƙwaro. Farin ƙuda ana sakar masa wani ɗan mitsitsin zanzaro, Encarsia, a kan 'yan katuna da ake ratayawa. Akwai kuma Macrolophus, koren ƙwaro mai cin farin ƙuda da ƙwan Tuta absoluta, tsutsar nan da manomanmu ke kira sharon, wadda ta share gonakin Kaduna da Kano a 2016. Yana da jinkirin yaɗuwa a sanyi, don haka ka sake shi tun makonnin farko. Ka rataya tarkon takarda mai rawaya da danƙo, ka duba shi kowane mako.

Cutar ToBRFV ba ta da magani, kuma hannu, wuƙa, kwali, har wayar salula suna ɗaukar ta. Baƙo ba ya shiga sai da riga da safar hannu da takalmin gidan. Kowane layi da wuƙarsa. Ba a shigowa da tumatirin waje, ko a cikin abincin rana.

Mataki na ƙarshe: tsinka da rufe zango

Daga huda zuwa nuna mako 7 zuwa 9 ne. Mai nono ana yanke shi da almakashi idan na ƙarshen gungun ya fara ja, a kwantar a kwali sahu ɗaya don kada tsinken wani ya huda wani. Da safe ake tsinka, sau biyu ko uku a mako. Kada ka ajiye shi a ƙasa da digiri 12, sanyi yana kashe masa ƙamshi. Ka riƙa auna abin da kowane layi ya bayar, ka ajiye kusa da lissafin gas da wuta na makon, ka san nawa kilo ɗaya ya tsaya maka.

Saura mako 7 ko 8 a gama, sai ka tsinke kan kowace shuka, ka bar ganye biyu a saman nono na ƙarshe, duk ƙarfin ya koma ga 'ya'yan da suka rage. Bayan tsinkar ƙarshe a yanke igiyoyi, a kwashe kara da katifu da leda a fitar da su gaba ɗaya, ko ganye ɗaya kada ya kwana. A wanke bututan ɗigo, a wanke kwatami da kekuna da gilashi, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar gidan ya bushe. Sabbin katifu sukan iso tun ƙasa ba ta gama shan iska ba, shi ya sa ake ba masu reno odar shukar zango mai zuwa watanni kafin a yanke wannan.